Makunnin jitar lantarki: inda nake ajiye shi da dalili

Sai da na shekara biyu ina kaɗa jitar lantarki kafin na gane cewa 'yar libar nan ta gefen tsirkiya, wato makunni, ba ado ba ce. Yadda jitar ta zo hannuna haka na bar ta: liba can ƙasa, maɓallan murɗawa uku, boliyum ɗaya da ton biyu, duk a kan 10. In sauti bai yi mini ba sai in ɗora wa amfilifaya, akwatin ƙara sauti, laifi, in murɗa nan in murɗa can, in ƙare da cewa ai sai na sayi wata. Wani mai kaɗa bes da muke atisaye tare ne ya warkar da ni. Muna tsakiyar waƙa ya miƙo hannu, bai ce uffan ba, ya tura libar sama da ɗan yatsa. Nan take jitar da ke ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa ta koma tana magana. Na ji kunya, amma haushin shekara biyun nan ya fi kunyar.

Kafin ka taɓa makunni, yi wannan gwajin ba tare da ka jona waya ba. Kaɗa tsirkiya ɗaya daf da jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyin suka hau a gindin jita. Za ka ji sauti siriri mai kaifi, kamar an buga ƙusa a faranti. Sai ka matso da hannu inda wuyan jita ya haɗu da jikinta ka sake kaɗawa. Yanzu sautin ya yi kauri, ya yi taushi. Tsirkiya ɗaya ce, hannu ɗaya ne, wuri kawai ya canza. Kusa da jaki tsirkiya ba ta da filin lilo, sai 'yan ƙananan karkarwa masu kaifi. Can wajen tsakiya kuwa tana lilo sosai.

To fikof kunne ne da aka dasa a ƙarƙashin tsirkiya. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, in tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa sai ya mayar da motsin lantarki. Abin da ke saman kansa kaɗai yake ji. Na kusa da jaki yana jin kaifi, na kusa da wuya yana jin kauri. Aikin makunni bai wuce ya zaɓa maka kunnen da zai saurara ba. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin zancen.

Ragowar rabin shi ne irin fikof ɗin. Akwai mai kwayil ɗaya, wato naɗin waya ɗaya, siriri, irin na kamfanin Fender. Sautinsa tas yake, kana jin kowace tsirkiya daban, amma yana da hali ɗaya mara kyau: yana kwaso ƙugin wutar lantarki, wannan zuuu ɗin da ke kai da komo sau 50 ko 60 a daƙiƙa, gwargwadon wutar ƙasar da kake. Ka tsaya kusa da taransifoma ko tsohuwar fitila mai dogon kwai, za ka sha shi. Don maganin wannan ne Seth Lover, injiniya a kamfanin Gibson, ya haɗa kwayil biyu da ke soke wa juna ƙugin. Ya nemi rajistar ƙirƙirar a 1955, ta hau jitar Les Paul a 1957. Wannan fikof ake kira hambaka. Ya fi ƙarfi, ya fi kauri, ya fi saurin sa amfilifaya gurnani, sai dai ba shi da walƙiyar nan ta mai kwayil ɗaya. Akwai kuma P-90, kwayil ɗaya ne amma mai faɗi, yana tsakanin su biyun, shi ma yana ƙugi.

Bari in fara da Stratocaster, jitar Fender, tunda ita na fi sani kuma ita ce mai yawan wurare. Fikof uku, makunni mai tsayawa biyar. Ina ƙirga su yadda Fender ke ƙirgawa, 1 a wajen jaki, 5 a wajen wuya. Wasu suna juya lissafin, don haka in wani ya ce maka "sa ta a biyu", ka tambaye shi daga ina ya faro.

Lamba 1 fikof ɗin jaki ne shi kaɗai. Nan kaifi yake. In amfilifaya ba ta gurnani, wurin nan yana iya soke kunne, musamman a tsirkiyoyin nan biyu sirara. A tsohon tsarin haɗa wayar Stratocaster ma babu maɓallin ton, mai rage kaifi, da ke taɓa wannan fikof ko kaɗan, ɗaya na wuya ne, ɗaya na tsakiya. Yawancin na yanzu an gyara. Ka gwada taka: sa liba a 1, murɗa ton na ƙasa. In ba abin da ya canza, kai ta wajen mai gyara ya matsar da waya ɗaya. Aikin minti goma ne, kuma ban taɓa kashe kuɗi a kan jita da ya biya ni kamarsa ba. Da ton a kan 6 ko 7, lamba 1 ta zama wurin da nake zuwa in ina son rok mai cizo.

Lamba 5 na wuya ne, kuma nan gidana yake. Sauti mai zagaye, mai ɗumi, amma da yake kwayil ɗaya ne bai toshe ba. In kana jan solo daga firet na 12 zuwa sama (firet su ne 'yan ƙarafan da ke gicciye a wuyan jita), inda jaki ke sa sauti ya zama kamar allura, wuya zai ba shi tsoka. Bulus, waƙa mai sanyi, layin da kake so ya bi bayan mawaƙi kamar murya ta biyu, duk nan ne. Ga wani ɗan abu da ya daɗe yana ruɗa ni: in ka ɗora yatsa a hankali a kan firet na 5 don fitar da siririn sautin nan mai kama da ƙararrawa, a lamba 5 da kyar za ka ji shi. Ba laifin yatsanka ba ne. Fikof ɗin wuya yana zaune kusan daidai inda tsirkiya ba ta motsi a wannan sautin. Koma lamba 1, zai fito fes.

Lamba 3, na tsakiya, maraya ne. Mutane suna wucewa ta kansa kawai. Ni ma haka nake har sai da na fara raka mawaƙa da kod zalla, wato tsirkiyoyi da yawa a bugu ɗaya. Ba shi da kaifin jaki, ba shi da nauyin wuya, yana zama cikin waƙa bai tsone wa kowa ido ba. In ban san waƙar da za a ɗauko ba, a nan nake jira.

Sai 2 da 4, su ne abin da ya sa Stratocaster ta zama Stratocaster a kunnen mutane da yawa, alhali ba da niyya aka yi su ba. Jitar ta fito a 1954 da makunni mai tsayawa uku kacal. Makaɗa ne suka gano cewa in ka lallaɓa libar ta tsaya tsakanin wuri biyu, fikof biyu suna aiki tare, sai wani sauti ya fito mai ɗan rami a tsaka, kamar mai magana ta hanci. Shekaru ana lallaɓa liba haka, tana zamewa ana mayarwa, sai a 1977 Fender ta mayar da mai tsayawa biyar ya zama na kowa. Lamba 2 jaki ne da tsakiya, lamba 4 tsakiya da wuya. Kunnuwa biyu ne ke sauraron wuri biyu na tsirkiya ɗaya, wasu sassan sautin suna soke juna, wasu suna ƙaruwa. Ga fank, ga rege, ga duk kiɗan da hannun dama ke yanka gajerun kod kamar almakashi, nan ne wurin. Wanda ke kaɗawa da yatsu ba da farcen roba ba, ya gwada lamba 2, zai ji abin da ya sa ake danganta wurin da makaɗin jita Mark Knopfler. A yawancin jitocin yanzu an juya naɗin fikof na tsakiya da maganaɗisunsa, saboda haka a 2 da 4 ƙugin lantarki yana ɗaukewa. Na sha fakewa a can a ɗakin da wutarsa ke da hayaniya, ba don sautin nake so ba, don a samu shiru tsakanin waƙa da waƙa.

Amma kada ka yaudaru da daɗinsu. Ƙarfinsu bai kai na fikof ɗaya ba, kuma in ka ɗora musu distoshon, wato gurnanin amfilifaya, mai yawa, ramin nan na tsaka da ke sa su daɗi shi zai sa su ɓace. Ni dai ban taɓa jan solo mai zafi a lamba 4 na ji na gamsu ba.

Les Paul da danginta wani tsari ne. Hambaka biyu, makunni mai tsayawa uku, an rubuta masa sunaye a jikin ɗan zoben roba: sama na raka waƙa, ƙasa na kaifi. Kada ka ɗauki rubutun da muhimmanci. A rok yawanci akasin haka ake yi, ana raka waƙa da na jaki, a ja solo mai zaƙi da na wuya. Dukiyar Les Paul tana cikin maɓallanta huɗu, kowane fikof da boliyum ɗinsa da ton ɗinsa. Ga yadda nake yi da ita: amfilifaya tana gurnani daidai, boliyum na wuya a 4 ko 5, na jaki a 10. Liba sama, sauti ya wanke, ina raka baiti. Liba ƙasa, jita ta buɗe baki, amshi ya shigo. Amfilifaya ɗaya, ba fedal ko ɗaya, wato ɗan akwatin canza sauti da ake takawa, amma kamar biyu gare ni. A tsakiya kuma duka biyun suna aiki, kana iya auna su kamar mai haɗa fenti: rage na wuya zuwa 8, sai kaifin jaki ya leƙo. Abu ɗaya za ka kiyaye, a tsakiya in ka kai ɗaya daga cikin boliyum ɗin sifili, jitar gaba ɗaya za ta yi shiru. Ba lalacewa ta yi ba, haka aka haɗa ta.

Telecaster, ita ma jitar Fender, ba ta da dogon zance. Fikof biyu, wuri uku. Na jakinta yana zaune cikin farantin ƙarfe, yana da tsartuwar da kiɗan kantiri ya ginu a kai. Tsakiyarta ita ce wurin raka waƙa mafi daɗi da na sani a duk jitocin da na riƙe.

Yanzu maɓallan da na bari a kan 10 shekara biyu. Boliyum na jita ba ƙara kaɗai yake ragewa ba. In amfilifaya tana gurnani, shi ke iko da yawan gurnanin. Sauko da shi daga 10 zuwa 7, ƙarar ba za ta ragu sosai ba, amma ƙazantar za ta wanke, kod ya fito da tsirkiyoyinsa a rarrabe. A jitoci da yawa kaifi yana tafiya tare da shi, sauti ya dusashe. Wasu suna son haka. Wanda ba ya so, akwai ɗan kafasita da ake liƙawa a bayan boliyum ɗin ya tsare kaifin, kuma gajeriyar waya mai kyau tana taimakawa, don doguwar waya ma tana shan kaifi.

Ton kuwa ragewa kawai ya iya, ba ya ƙara komai. A 10 ya bar kaifi ya wuce, kana saukowa yana zubar da shi. Saboda haka tsarin da nake bi wajen saita amfilifaya ya juye. Da ina sa komai a 10 in daidaita amfilifaya, sai ya zama ba ni da inda zan je sai ƙasa. Yanzu ina sa boliyum a 7, ton a 7, in saita amfilifaya har sautin ya yi mini a haka. In solo ya zo, akwai sauran taki uku a hannuna na ƙarfi da na kaifi, ba sai na juya baya na je wajen amfilifaya ba. Kuma da fikof ɗin wuya nake saita bes na amfilifaya, wato ƙasan sauti, tunda shi ke fara yin caɓi. Kaifin jaki sai in lallashe shi da ton na jikin jita. In ka yi akasin haka, ka rage kaifin amfilifaya don jaki ya yi daɗi, to ka kashe wuya, zai koma kamar ana kiɗa a ƙarƙashin bargo.

Ton a sifili ma yana da ranarsa. Hambaka, amfilifaya a buɗe, ton a ƙasa gaba ɗaya: sautin nan ne mai kama da kuka da aka san Eric Clapton da shi a zamanin ƙungiyar Cream. Tsirkiya ɗaya-ɗaya yake so. Ka buga kod da shi, ba za ka gane kanta da gindinta ba.

Masu jaz suna zama a wuya, yawanci hambaka, amfilifaya a wanke. Kuskuren da na ga masu koyo suna yi shi ne kashe ton gaba ɗaya wai don a samu duhun nan. Rabin duhun daga hannu yake fitowa. Wes Montgomery da tsokar babban yatsa yake kaɗawa, ba da farcen roba ba. Sa ton a 5 ko 6, matso da hannunka wajen wuya, kaɗa a hankali, za ka fi kusa da abin da kake nema. Masu metal, rok mai nauyi, kuwa suna can ɗaya ƙarshen: hambaka na jaki, komai a 10. Dalili a fili yake. Distoshon mai yawa yana kumbura ƙasan sauti, in ka ba shi fikof ɗin wuya wanda dama ƙasansa ya cika, sai laka. Na jaki siriri ne, shi ya sa in ka danne tsirkiya da gefen tafin hannu kowane bugu ke fitowa a tsaye. In jitarka mai fikof na batir ce, irin su EMG, ka riƙa zare waya in ka gama, don muddin tana jone, batirin nan mai bolt 9 yana ci. In kuma hambaka ɗinka yana da maɓallin da ake ja sama a kashe kwayil ɗaya, zai ba ka wani abu mai kama da sautin Fender, mai ƙarancin ƙarfi, da ƙugi a kai. Yana maganin wata larura, amma ba ya zama Stratocaster.

Duk wannan da na faɗa, a ɗaki kai kaɗai ne yake aiki yadda na faɗa. Ranar da na fara shiga situdiyo na je da sautin da na kwana bakwai ina gyarawa: lamba 5, ton a 6, mai kauri kamar bargo, ni kaina in na ji sai in lumshe ido. Aka ɗora shi a kan bes da fiyano, sai ya ɓace ɓat. Ina ganin hannuna yana motsi, ba na jin komai. Na ce a ƙara mini murya. Aka ƙara, sai na rufe mawaƙiya, ta cire abin kunne ta zuba mini ido. Mai haɗa sautin ya ce, "Malam, ba ƙara ce matsalarka ba, wurin da ka tsaya akwai mutum biyu a ciki. Koma biyu mu ji." Na koma lamba 2. Da aka kunna jitar ita kaɗai, sai na ji ta kamar gwangwani, har na ɓata rai. Da aka mayar da sauran kayan, ga ta nan ta zauna daram a saman fiyano, ƙarƙashin murya, kuma an ma rage mata ƙara. Tun ranar, kafin in zaɓi wuri sai na fara sauraron wa ke ƙasa, wa ke tsaka. In akwai fiyano mai cika hannu biyu, ina hawa wajen jaki. In mu uku ne, ganga da bes da ni, fili nawa ne, ina iya sauka wuya in baje. In akwai jita ta biyu, duk inda ya tsaya ni ina ɗaya gefen.

Wani lokaci za ka ga kana matsar da liba ƙara tana tsalle, wuya ya fi jaki ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan tsayin fikof ne, kuma sukurudireba kawai yake buƙata. Danne tsirkiya a firet na ƙarshe, ka auna ratar da ke tsakanin kan maganaɗisu da ƙasan tsirkiya. Ga mai kwayil ɗaya, fara da kamar milimita 2.4 a gefen tsirkiya mai kauri, milimita 2 a gefen siririya. Daga nan kunne ne alƙali, a wannan harkar ji ne ya kori gani. Fara daidaita na jaki, sannan ka sauke na wuya har ƙararsu ta zo ɗaya. Kusan kullum na wuya yana ƙarewa ƙasa da na jaki, tunda tsirkiya ta fi lilo a kansa. Rabin zagaye za ka riƙa juyawa, kana ƙirgawa a takarda, don ka iya komawa in ka ɓata. Kada kwaɗayin ƙarfi ya sa ka ɗaga shi ya kusa taɓa tsirkiya. Maganaɗisu zai riƙa jan ta, sauti ya mutu da wuri, kuma a manyan firet na tsirkiya mai kauri za ka ji wani rawar murya kamar sauti biyu suna faɗa. Na taɓa canza tsirkiyoyi sau biyu a mako ɗaya ina neman wannan ciwon, ashe zagaye ɗaya da rabi na sukuru ne maganinsa.

Saura canzawa a tsakiyar waƙa, wanda shi ma sai an koya kamar kod. Ina ware minti biyar a atisaye don shi kaɗai: in kaɗa bugu uku, a na huɗu hannu ya sauka ya ture liba da yatsan tsakiya, ya dawo kafin na ɗaya. Zuwa 1 ko 5 ba wuya, ka tura har ta tsaya. Zuwa 2 ko 4 ne ke son hannu mai sanyi, sau da yawa za ka zarce. Ƙaramin yatsa kuma ya saba da zama kusa da boliyum, har ya iya murɗa shi kana cikin kaɗawa. In hannunka mai faɗin shara ne kamar nawa, za ka riƙa bugun libar Stratocaster ba da niyya ba, ka faro waƙa a wuya ka tsinci kanka a jaki. Na gwada cire mata hular robar, bai hana ba. Sai da na matsar da inda nake kaɗawa kamar faɗin yatsa biyu zuwa wajen wuya sannan na daina.